Abin Da Ke Sa Taya Jan Ƙasa In An Ƙure Sitiyari, Da Yadda Ake Gane Ko Lalura Ce

Duk mai shigar da mota gida ta ƙofa mai ƙunci a unguwannin cikin birnin Katsina, ko mai juyawa a harabar gidan mai da aka shafe da siminti sumul, ya san wannan abu. Ka murɗe sitiyari har ya ƙure, motar na tafiya sannu-sannu, sai ka ji gabanta na ɗan zillo, gur-gur-gur, taya na kuɓucewa tana sake kamawa. Wani lokaci ƙara ce siririya, ƙiii, wani lokaci kuma sai ka sauka ka tarar da baƙin shati a kan intalok, inda roba ta goge. Masu motoci da yawa daga nan sai gareji, a canza shokazoba, a canza tayarod (sandar da ke tura taya in an murɗa sitiyari), a canza kan shaf (haɗin da ke kai ƙarfin inji ga taya), a biya kuɗi masu kauri, a dawo gida abin na nan yadda yake.

A mafi yawan motoci wannan jan ƙasa ba lalura ba ne, haka aka ƙera su. Amma akwai lalurorin da ke fakewa a bayansa, kuma cikinsu har da wadda kan raba taya da mota ana tsakiyar tafiya. Abin da ya rage wa mai mota shi ne ya iya bambance su kafin ya sa hannu a aljihu. Alli, geji, tocila, jak da abin tokara, da fili mai ɗan faɗi sun isa.

Me ya sa lafiyayyar mota ma take yi

In mota na shan kwana, tayoyinta huɗu ba hanya ɗaya suke bi ba. Kowace na zana tata da'irar, ta cikin kwana ƙarama, ta waje babba. Mai huɗa da shanu ya san haka: in an kai ƙarshen kunya za a juyo, san da ke ciki kusan tsayawa yake yi yana juyawa a wuri ɗaya, na waje ne ke zagayowa da sauri. To tayoyin gaba ma, tunda da'irarsu ba ɗaya ba ce, bai kamata karkatarsu ta zama ɗaya ba.

Ɗauki mota mai tazarar mita 2.7 tsakanin tayoyin gaba da na baya, kamar Peugeot 406, da faɗin kusan mita 1.5 tsakanin tayar hagu da ta dama. In tayar gaba ta cikin kwana ta karkata digiri 40, cibiyar da motar ke zagayawa tana kan layin tayoyin baya, mita 3.2 daga tayar baya ta ciki. Don tayar gaba ta waje ta zagaya wannan cibiya ba tare da ta gogi ƙasa ba, digiri 30 kawai ya kamata ta karkata. Bambancin digiri 10 ke nan tsakanin tayoyi biyu da sanda ɗaya ke turawa. Dabarar samar da wannan bambanci ta girmi mota kanta. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara ta, wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi mata rajistar mallaka a Ingila a 1818, sunan wakilin kuma ya bi ta har yau. Ba wata na'ura ba ce: hannuwan da tayarod ke kamawa a jikin ƙafar mota ne ake ɗan karkatar da su, ta yadda turawa ɗaya za ta juya tayar ciki fiye da ta waje.

Sai dai masu ƙera mota ba sa ba da cikakken bambancin, kuma da gangan ne. Lissafin da ya yi daidai a tafiyar sannu ba shi ne ya yi daidai a gudu ba, domin a gudu nauyin mota na komawa kan tayar waje, ita ke riƙe kwanar, kuma tana buƙatar karkata fiye da abin da wancan lissafi ya ba ta. Ga kuma ƙuncin wuri a motoci masu jan gaba, inda inji, giya, shaf da rak ɗin sitiyari (ƙarfe mai haƙora da ke tura tayarod hagu da dama) duk suke cushe wuri ɗaya. Saboda haka sai a raba tsakani. Maimakon 30, tayar waje sai ta tsaya a 33 ko 34. A ƙaramar kwana ba wanda zai ji wannan. In an ƙure sitiyari kuwa, tayoyin biyu sun saɓa: kowace na son zagaya tata cibiyar, motar kuma cibiya ɗaya za ta iya zagayawa. Dole ɗaya ta ja gefe.

Yadda take jan shi ne ke kawo zillon. Haƙoran roba da ke taɓa ƙasa suna kama ta, motar na matsawa suna lanƙwashewa gefe, har su kai inda ba za su iya ba, sai su saki su koma daidai farat ɗaya, sannan su sake kamawa. Kama-saki, kama-saki, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Shi kake ji a sitiyari da ƙarƙashin ƙafarka.

Akwai dalili na biyu, kuma wannan ido na ganin sa. Ƙure sitiyari zuwa hagu, fito ka tsaya gaban motar. Za ka ga tayar hagu ta kishingiɗa, samanta ya fito waje, ta hau kan kafaɗarta. Ƙafar mota ba a tsaye cak take juyawa ba, an jingina ta baya kaɗan don sitiyari ya riƙa komowa tsakiya da kansa bayan kwana, kuma wannan jinginar ce ke kwantar da taya in an murɗa sosai. A Marsandi abin ya fi fitowa fili, har wasu kan ɗauka ƙafar ta karye. Tayar da ta hau kafaɗa faɗin abin da take taka ƙasa da shi ya ragu, riƙonta ya ragu, saɓaninta da 'yar uwarta ya ƙaru.

Abin da ke ƙara shi

Na farko faɗin taya da gajartar gefenta. Taya mai lamba 195/65 R15 tana da gefe mai tsawo mai laushi, yana shanye murɗiyar ba ka ji ba. Ka sa wili 18 da taya 245/40, gefen ya gajarce ya yi tauri, ba inda murɗiyar za ta tafi sai ƙasa. Samarin da ke canza wili don ado su san cewa da wannan suka saya.

Na biyu sanyi. A watan Disamba da Janairu, da asuba a Katsina da Daura sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15. Roba ta sandare, ba ta lanƙwasa yadda ya kamata, sai ta yi ta zillo. Motar da ta yi gur-gur lokacin fita da yara makaranta, da azahar in taya ta ɗumama sai ka neme shi ka rasa. Wannan kaɗai babbar shaida ce cewa ba ƙarfe ne ya lalace ba, domin ƙarfen da ya ci ba ya warkewa da rana.

Na uku tsufa. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ƙidaya wa taya daga ranar ƙira. Tayar Baljiyam kan zo da haƙora masu kyau amma robar ta bushe. Danna farce a kan haƙorin: sabuwar roba na ɗan nutsawa, tsohuwa na ƙyalli, ba ta nutsawa, kuma tsakanin haƙoran akwai ƙananan tsagu. Irin wannan ba a ƙure sitiyari kaɗai take santsi ba, har a birki.

Na huɗu iska, kuma nan ne aka fi cutar da motoci. Awon da ya dace yana rubuce a takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci irin su Corolla da Camry tsakanin 30 ne zuwa 35. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba awon motarka ba. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke bugawa in ba a yi magana ba. Tayar da ta cika tam tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, sai ta yi ta tsalle. Kada ka ce "a ƙara iska" ka koma cikin mota. Ka ce, "Malam, talatin da biyu za ka sa min, gaba da baya," ka tsaya ka ga gejin. A auna da safe kafin a yi tafiya, domin iska na hawa kusan awo ɗaya a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6, kuma tayar da ta taho daga Daura da rana tsaka za ta nuna sama da gaskiyarta.

Na ƙarshe ƙasar da ake takawa. Tayil, siminti mai fenti da intalok su ke fito da ƙara. Kwalta mai yashi a kai tana sa taya zamewa shiru. A burji da turɓaya ba za ka ji komai ba, ba don ba ya faruwa ba, sai don ƙasar ce ke gocewa a madadin roba.

Gwajin da za ka yi da kanka

Fara da daidaita iskar tayoyin huɗu, ka kuma karanta lambar girman kowace, ka tabbata biyun gaba iri ɗaya ne, biyun baya ma haka. In motar mai ogzilari ce, tabbata ba a ciki take ba. Sannan nemi fili mai siminti ko kwalta marar yashi, ka sauke gilasai, ka kashe rediyo da na'urar sanyi.

Daga tsaye, tayoyi na kallon gaba sak, ƙirga zagayen sitiyari zuwa ƙarshen hagu, ka dawo tsakiya, ka ƙirga zuwa ƙarshen dama. Yawancin motoci kusan zagaye ɗaya da rabi ne kowane ɓangare. Lambar ba ita ce abin dubawa ba, daidaiton ne. In hagu ɗaya da rabi ne, dama kuma ɗaya da kwata, an karkatar da rak.

Yanzu ƙure zuwa hagu ka zagaya da motar sau biyu a giya ta ɗaya ba tare da taka totur ba. Yi haka zuwa dama. Maimaita duka biyun da ribas. Sannan sake yi, amma ka sassauta sitiyarin da kwatan zagaye daga ƙarshe. In jan ƙasar iri ɗaya ne hagu da dama, babu ƙarar ƙarfe, ya ragu sosai ko ya ɓace da ka sassauta, motar kuma na tafiya sak a hanya ba ta cin taya ta gefe ɗaya, to lafiyarta ƙalau. Ka bar kuɗinka a aljihu. In wani abu ya saɓa wa wannan, saurari irin ƙarar.

Ƙas-ƙas-ƙas mai bin juyawar taya, wadda ke ƙaruwa in ka ɗan taka totur ko ka yi ribas a ƙure, kan shaf ne na waje. Wannan haɗin yana iya aiki har wajen digiri 45 zuwa 47, wato a ƙure yana dab da iyakarsa, shi ya sa a nan yake fara tona kansa. Leƙa bayan tayar da tocila. In robar da ke rufe shi ta yage, za ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin wili da jikin shokazoba, yashi ya manne a kai ya zama dunƙule-dunƙule, in ka murza shi a yatsa kana jin tsakuwa. Wannan cakuɗin shi ke cinye ƙwallayen ciki. In an kama yagewar kafin ƙara ta fara, roba kawai za a canza: a wanke haɗin tas, a cika shi da baƙin giris ɗin da ake yi don shi, kimanin giram 100, ba jan giris na boris ba, a ɗaure da maɗaurin ƙarfe, ba igiyar roba ko waya ba. In ya riga ya fara ƙara, giris zai rufe bakinsa na ɗan lokaci ne kawai, canji ya kama.

Ƙara mai tsawo, ƙiiii ko uuuu, da ke fitowa daga wajen inji ko da motar na tsaye, ba taya ba ce. Famfon sitiyari ne ko bel ɗinsa. In sitiyari ya ƙure kana ci gaba da danna shi, mai ba shi da inda zai je, famfo na turawa da iyakar ƙarfinsa, man na zafi, bel na zamewa. Duba man a robarsa: in ya ragu, ko ya yi baƙi, ko yana kumfa, akwai yoyo ko iska na shiga. Motoci masu sitiyarin lantarki, kamar Corolla daga 2009, ba su da wannan famfo, amma in an matsa musu a ƙure ko an yi ta murɗawa a tsaye, na'urar lantarkin da ke juya sitiyarin kan yi zafi ta rage taimako, sitiyari ya yi nauyi na ɗan lokaci.

Shuu-shuu ko gurr a wuri ɗaya, a ɓangare ɗaya, taya ce ke gogar jiki. Shafa alli a kafaɗun tayar ciki da waje, yi zagayen, duba inda allin ya koma. Sau da yawa robar cikin madigadi ce ta saki ƙusa ta sauko, ko an sa taya mafi girma. Tayar 205/60 R16 ta fi 205/55 R16 tsayi da santimita 2, kuma wannan ya isa. In allin ya koma kan tiyon birki, kada motar ta sake fita sai an gyara.

Ƙwas sau ɗaya lokacin da nauyi ke komawa gefe, ko ƙugi irin na busasshen ƙarfe in ana murɗawa, wannan shi ne abin tsoro. Ɗaga motar, ka tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai. Kama tayar hagu da dama ka girgiza: in akwai wasa, tayarod ne ko ƙarshen rak. Kama ta sama da ƙasa: in akwai wasa, boris ne ko boljoyin, wato haɗin ƙwallo da ke riƙe ƙafar mota a jikin hannunta. A motoci masu hannuwa biyu, sama da ƙasa, a sa jak ɗin ƙarƙashin hannun ƙasa, in ba haka ba sifirin zai danne boljoyin ya ɓoye wasan, sannan a zura ƙarfe ƙarƙashin tayar a ɗaga ta ana kallon haɗin. Boljoyin ɗin ƙasa da ya bushe shi ke cirewa, kuma ya fi cirewa a tafiyar sannu ana shan kwana, shi ya sa ake ganin mota durƙushe a shataletale taya ta kwanta a gefe. Wannan ba ya jiran albashi.

A wasu tsofaffin motocin a-kori-kura akwai ɗan ƙarfe da ke tare ƙafa in ta kai ƙarshe, da hular roba a kansa. In hular ta faɗi, ƙarfe na gugar ƙarfe in an ƙure sitiyari aka hau gargada. Ƙarar ba daɗi, amma sabuwar hula ko ɗan giris ya kashe maganar.

In jan ƙasar ya fi yawa a ɓangare ɗaya

Nan alaimen ya shigo, kuma nan ake aikin da ke ba mu haushi. An canza tayarod, ba a ƙirga zaren tsohon ba, aka ɗaure sabo, aka daidaita tayoyin daga gefe ɗaya kawai, sitiyari ya karkace, sai aka cire shi daga kan sandarsa aka mayar a miƙe. Mai mota ya ga sitiyari sak ya yi murna. Alhali rak ɗin ya bar tsakiya, tayarod ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bambancin karkatar tayoyin ya lalace: a kwanar hagu ya yi yawa, a ta dama ya yi kaɗan. Gyaransa shi ne a mayar da rak tsakiya ta hanyar ƙirga zagaye, a kafe shi, a daidaita tayarod biyun har zaren da ke waje ya zo kusan ɗaya, sannan a zaunar da sitiyari.

In zagayen daidai ne amma har yanzu ɓangare ɗaya ya fi, ana zargin hannun ƙafa ya lanƙwashe, galibi bayan faɗawa rami ko dukan bakin kwata. Ido ba ya ganin wannan. A wurin alaimen mai faranti masu juyawa, a karkata tayar ciki digiri 20 a karanta ta waje, yawanci 18 zuwa 19 take nunawa. A yi ɗaya ɓangaren. In sun bambanta da fiye da digiri ɗaya da rabi, akwai abin da ya lanƙwashe. A canza shi. Kada a yarda a gasa shi da wuta a miƙe, domin ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa. Balansin kuwa ba ruwansa da wannan matsala, maganin rawar sitiyari ne a gudu.

Kada a raina ƙaramin kuskure a alaimen. Tayar da bakinta ya kauce da milimita 3 tana jan gefe kusan mita 5 a kowace kilomita. Daga Katsina zuwa Daura, tafiyar kimanin kilomita 80, an ja ta a kwalta kusan mita 400 ke nan. Shafa tafin hannu a kan haƙoran daga ciki zuwa waje, ka dawo: in sumul ne ta ɗaya hanyar, ta ɗayar kuma yana kartar hannu, ga shaidarka nan.

Motoci masu jan ƙafa huɗu

A lissafin da muka yi a sama, in motar ta yi cikakken zagaye, tsakiyar tayoyin gaba na cin kusan mita 30, na baya kusan 25. Hilux da ire-irenta in an sa su a H4 ko L4, wato ogzilari mai jan ƙafa huɗu, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai wa daida. Mita biyar ɗin nan sai ta fita ta wani wuri. A yashi taya na zamewa ta sauke ta. A kwalta kuwa ƙarfen ne ke murɗewa, sitiyari ya yi nauyi, motar ta riƙa cijewa tana zillo, har wani abu ya karye in an dage. Direban da ya fito daga hanyar ƙauye ya hau kwalta ya mayar da ita H2, jan baya kaɗai, nan take. In sandar ogzilarin ta ƙi fita, kada a doke ta: a miƙe tayoyi, a yi ribas 'yan mitoci a layi ɗaya, ko a sauke tayoyin gefe ɗaya kan turɓaya, za ta saki. A Prado da sauran masu jan huɗu kullum, duba dashbod ko fitilar makullin da ke ɗaure gaba da baya na kunne, don sau da yawa hannu ne ya taɓa maɓallin ba a sani ba.

Ƙananan jif masu haɗa baya da kansu ba sa son tayoyi masu bambancin girma. Waccan 205/60 da 205/55 sun bambanta da sama da santimita 6 a kowane juyi, sai na'urar ta ɗauka taya na santsi ta yi ta kama baya. Tsofaffin Honda CR-V kuma an san su da gurnani daga baya a matsattsiyar kwana in man akwatin bayan ya tsufa. Maganinsa man Honda Dual Pump Fluid, kusan lita ɗaya. In aka zuba man giya mai kauri na gama-gari, abin ƙaruwa zai yi.

Yadda ake juyawa ba a wahalar da mota ba

In sitiyari ya taɓa ƙarshe, dawo da shi faɗin yatsu uku ko huɗu. Wannan ya isa ya sauke wa famfo nauyi, kuma kusan ba abin da ka rasa na kwana. Littattafan motoci masu famfo suna gargaɗin kada a riƙe shi a ƙure fiye da 'yan daƙiƙoƙi. In akwai wuri, sassauta kwatan zagaye: tayar ciki ta sauko daga digiri 40 zuwa wajen 35, da'irar ta ƙaru da ɗan abin da ya wuce rabin mita, yawancin zillon ya tafi.

Kada ka murɗa sitiyari mota na tsaye cak in da yadda za a yi. Kowace tayar gaba a ƙaramar mota na ɗauke da kusan kilo 400 a kan wuri mai faɗin tafin hannu, kuma murza wannan a siminti aiki ne da tayarod da rak ke biya. Bari motar ta ɗan motsa, ko taƙi ɗaya ne, sannan ka murɗa. Taka birki da ƙarfi ana murɗawa ya fi muni, don ya hana tayar mirginawar da za ta sauƙaƙa mata.

Ƙofar gida mai tudun siminti a kan kwata ita ce mai cin kan shaf, saboda ana haɗa abu uku lokaci ɗaya: ƙurewa, hawa da totur. Buɗe kwanar tun daga ɗaya gefen layin, ka gama juyawa kafin tayoyin gaba su taɓa tudun, ka hau da su a miƙe. In layin ya yi ƙunci, shiga da ribas ya fi, domin mota a kan layin tayoyin baya take juyawa, bayan ne zai shiga ƙofa daidai, gaban ya yi shawagi a fili. Gaba-da-baya sau biyu ba abin kunya ba ne. Mota mai jan gaba kuma, in za ka fita daga layi zuwa titi a ƙure, taka totur a hankali har sitiyari ya fara miƙewa, don tayar ciki ba nauyi a kanta, ita ce za ta yi ta juyawa a banza tana watsa yashi.

Santsin da ke zuwa a gudu

Duk abin da aka faɗa game da tafiyar sannu ne. In mota na gudu ka murɗa sitiyari ta ƙi bin kwana ta miƙe gaba, wannan wani abu ne daban, kuma yana kisa. Ya fi faruwa a shataletale inda iska ta tara yashi a gefen kwalta, da kuma ruwan farko na Mayu da Yuni, lokacin da ƙurar rani da man da ya ɗiga suka haɗu suka zama santsi. Taya na ba da iyakar riƙonta ne in bambancin inda take kallo da inda take tafiya bai kai digiri 10 ba. Da ta fara zamewa, ƙara murɗawa ba ya ƙara riƙo, rage shi yake yi, duk da hannu ƙarin yake so. Ɗaga ƙafa daga totur a hankali don nauyi ya dawo gaba, sassauta sitiyarin kaɗan har ka ji tayoyin sun kama, sannan ka sake juyawa. In motar ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, birki mai ƙarfi zai kulle tayoyin, kuma kullalliyar taya ba ta jin sitiyari ko kaɗan.

A cikin ramukan haƙoran taya akwai ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6. In haƙoran sun zo daidai da su, tayar ta ƙare ko da ba ta taɓa faci ba. In biyu kawai aljihu zai iya saya, yawancin mutane gaba suke sa su, tunda nan suke jin santsin. Kamfanonin taya baya suke cewa a sa sababbin, a dawo da na bayan gaba in suna da sauran haƙora. Dalili kuwa, in gaba ya zame direba na ji a hannunsa, yana iya gyarawa ta ɗaga ƙafa, amma in baya ya zame motar juyawa take yi gaba ɗaya kafin ya ankara.